Butar Shayin Kaka: Azurfa Ce Ko Ruwan Azurfa?

 Shirin yau wata 'yar'uwa ce ta jawo shi. Ta turo mana hotunan wata tsohuwar butar shayi da suka gada wajen kakansu, fara mai ɗan dishi-dishi, ta ce wani dillali ya taya, wasu a gida kuma suna cewa azurfa ce zalla, kada a kuskura a sayar da araha. A gindin butar akwai hoton begila da 'yar tuta a rataye, da haruffa J D & S, da EPBM, sai wata lamba. To bismillah, mu kifa butar mu karanta.

Mu fara da abin da babu a jikinta, don nan amsar take. A Ingila, tun shekarar 1300 doka ta hana a sayar da kayan azurfa sai an gwada an buga musu hatimi. Ba maƙerin ne ke shaidar kansa ba, ofishin gwaji ake kai wa. Idan kayan ya ci jarrabawa, sai a buga masa ɗan ƙaramin zaki yana tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Wannan zakin tun 1544 ake buga shi, kuma abin da yake cewa shi ne: a cikin kashi 1000 na ƙarfen nan, 925 azurfa ce. Kusa da shi za ka ga alamar garin da aka yi gwajin. Kan damisa na Landan ne. Ƙugiyar nan da jirgin ruwa ke jefawa idan zai tsaya ta Birmingham ce, garin da ko teku ba shi da ita, abin dariya. Kambin sarauta kuma na Sheffield ne, kafin su koma furen wardi a 1975.

Sai harafi guda ɗaya shi kaɗai a cikin ɗan gidansa, shi ne shekarar. Amma a kula, harafin "b" na wannan zagaye da "b" na wancan ba ɗaya ba ne. Idan haruffan suka ƙare aka sake farawa, ana canza salon rubutun da siffar gidan, kuma kafin 1975 kowane gari da nasa jerin. Saboda haka sai ka san garin kafin ka nemi shekarar. Idan ka ga kan sarki ko na sarauniya a jere da su, alamar an biya haraji ce, an yi butar tsakanin 1784 da 1890. Daga ƙarshe haruffan sunan wanda ya kai kayan gwaji. Butar azurfa ta gaske ma, duba cikin murfinta, galibi za ka samu an maimaita zakin a can.

To butar 'yar'uwarmu fa? Babu zaki. Abin da ke akwai EPBM ne. EP ɗin nan na nufin da lantarki aka shafa mata ruwan azurfa, fasahar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. BM kuwa sunan ƙarfen da ke ƙarƙashi ne, Britannia, wanda mafi yawansa kuza ce. Da EPNS aka rubuta, to haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, wanda Turawa suka liƙa wa sunan azurfa alhali ko ƙwayarta babu a ciki.

Kuma masu yin kayan shafen nan sun san abin da suke yi, wallahi. Sukan jera 'yan haruffa masu lanƙwasa a cikin ƙananan gidaje huɗu ko biyar, daga nesa ka rantse hatimin gwamnati ne. Nan mutane da yawa ke faɗawa. Kada yawan tambura ya ruɗe ka, zakin za ka nema.

Wanda ya ƙera ta kuwa bai ɓoye kansa ba. Begila da tuta tambarin James Dixon & Sons ne na Sheffield, gidan da aka kafa a 1806, kuma sun fara buga begilar ne wajajen 1880. Ke nan butar ba ta girmi wannan lokacin ba. Lambar da ke ƙasa, wadda 'yan gidan suka ɗauka shekara ce, lambar samfuri ce ta cikin kundin kamfani.

Idan tambarin ya goge fa? Duba inda hannu ya fi taɓawa, bakin hanci da gefen mariƙi. Inda shafen ya cinye, toka-toka marar haske na nuna Britannia, rawaya-rawaya na nuna haɗin nikel. Idan ja ne ya leƙo, akwai yiwuwar tsohuwar dabarar Sheffield ce ta kafin zuwan lantarki, ta manna fallen azurfa kan jan ƙarfe, kuma masu tara kayan tarihi suna sonta. Maganaɗisu kam ku bar shi, ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu. Ɗiga ruwan batir ko kankarewa da wuƙa, wannan ɓarna ce kawai.

Saboda haka hajiya, idan dillalin kuɗin azurfa da awo kuke jira ya biya, ba za ku samu ba. Darajarta tana ga tsufanta, da sunan Dixon, da lafiyar jikinta. Ni da tawa ce, ba zan sayar ba. Kada a goge ta da toka ko yashi, shafen siriri ne, ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa.

Abu mafi muhimmanci: a faɗa wa samarin gidan kada su ɗora ta kan gawayi yadda muke yi da butocin shayinmu. Baturen da ya ƙera ta a wani wuri yake tafasa ruwansa, ya zuba a ciki. Kuza tana narkewa a zafin digiri 232, garwashi kuwa ya ninka haka. Ruwan ciki na ƙafewa, gindin zai zube, ya tafi da begilar da komai.

Mai tsohuwar buta a gida ya ɗauki hoton gindinta da rana, ba da fitilar waya ba, ya turo mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.