Kwamfutoci da yawa a cikin na'ura ɗaya

Idan ɗalibi ya taso daga Belel, a ƙaramar hukumar Maiha, ya je Mubi rajistar JAMB, bayanansa wucewa suke yi zuwa manyan na'urori a wata cibiyar adana bayanai. Kamfanin gwamnatin tarayya, Galaxy Backbone, da aka kafa a 2006, yana da irin wannan cibiya a Abuja.

A irin waɗannan wurare, manhaja kamar VMware ko Proxmox kan raba na'ura ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa, kowace da rabonta na ƙwaƙwalwa da ma'aji, tamkar gidan haya, kowa da ɗakinsa da mukullinsa. A da injiniya kan girka kowace da hannu. Yanzu sau ɗaya zai rubuta umarni a manhaja irin Ansible: me za a girka, wane adireshi, wa ke da izinin shiga. Sauran aikin manhajar ce ke yi.

Wahalar tana wurin saitin farko, domin kuskure ɗaya a umarnin kan bazu ko'ina cikin mintuna. Shi ya sa ake fara gwadawa a keɓe. Proxmox kyauta ce, don haka ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi suna iya koyonta a kan kwamfuta guda.