Riba a takarda da kuɗi a hannu: yadda za mu gane lafiyar kamfanin ba da rance

Iyayena da yayyena mata, idan ƙungiya ta kai zango na biyu ko na uku, kuɗin akwati sukan yi yawan da ma'aji ba ta iya barci da su a ɗakinta. A daidai wannan lokaci ne ma'aikatan ƙananan bankuna da kamfanonin ba da rance suke fara zuwa wurin zamanmu. Wani ya ce mu kawo ajiya, wani ya ce zai ba mu rancen taki ko na jarin sana'a. Ba laifi ba ne, wasu ƙungiyoyin sun amfana sosai. Sai dai kafin mu miƙa gumin mata ashirin da biyar ga wani, ya kamata mu san yadda kuɗi suke shiga da fita a wurinsa. Wannan babin a kan haka yake.

Mu fara da abin da muka sani. Tsarin akwati mai makulli uku da muke bi, ƙungiyar CARE ce ta fara shi a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a shekarar 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Tun daga wancan lokaci ƙa'ida ɗaya ba ta canza ba: duk zama sai an zazzage akwati a faranti, masu ƙidaya sun ƙirga a gaban kowa. Littafin magatakarda yana iya nuna cewa ƙungiya ta mallaki naira 400,000, amma a ƙirga faranti a samu 35,000 kacal. Babu wadda za ta ta da hankali, domin mun san sauran suna hannun mambobi a matsayin rance. To kun ga lissafi biyu ke nan. Ɗaya yana faɗa mana abin da muka mallaka, ɗayan yana faɗa mana abin da za mu iya taɓawa yau. Ranar da wata ta zo da larurar asibiti, faranti za mu duba, ba littafi ba.

Kamfanin ba da rance shi ma haka yake, girma kawai ya fi mu. Masu lissafi suna kasa shige da ficen kuɗin kamfani gida uku. Akwai kuɗin aikin yau da kullum. Akwai na sayen kayan da za su daɗe, kamar fili, mota ko kwamfuta. Sai kuma kuɗin da masu kamfanin suka zuba na jari, ko wanda suka ranto daga wani babban wuri. Na farkon ne ya dame mu, domin shi ne yake nuna ko sana'ar tana ciyar da kanta.

A wurin mai ƙuli-ƙuli, hajarta gyaɗa ce. A wurin kamfanin rance, hajar kuɗi ce. Shi ya sa lissafinsa yake rikita mutane. Duk rancen da ya bayar, a wannan lissafin fita ce. Duk bashin da aka dawo da shi, shiga ce. Bari in kawo misali da kamfanoni biyu na ƙirƙira, a ce lissafin wata ɗaya ne.

Kamfani na farko: masu bashi sun dawo da uwar kuɗi naira miliyan 6. Ya karɓi ƙarin da yake ɗorawa a kan rance, ko ruwa ne ko kuɗin hidima, haɗe da kuɗin fom, naira miliyan 1 cif a hannu. Abin da ya shigo miliyan 7 ke nan. A ɓangaren fita, ya ba da sabon rance na miliyan 7 da rabi, ya biya albashi 500,000, haya da man babura da na janareta suka ci 200,000. Jimillar fita miliyan 8 da 200,000. Idan muka cire, kuɗin da suka fita sun fi waɗanda suka shigo da miliyan 1 da 200,000. Wadda ta ga wannan giɓin za ta ce kamfani ya faɗi. Amma ku duba da kyau. Ya samu miliyan 1, ya kashe 700,000, ribarsa 300,000 ce, kuma ta gaske ce tunda ta shigo hannu. Giɓin ya samo asali ne daga sabon rancen da ya fi bashin da aka dawo da shi da miliyan 1 da rabi. Kamar ƙungiyarmu ce a tsakiyar zango: faranti babu nauyi saboda kuɗi suna waje suna aiki. Abin tambaya a nan shi ne, da kuɗin wa ya cike giɓin? Idan masu kamfanin ne suka ƙara jari, ko rance ne mai dogon wa'adi, da sauƙi. Idan kuwa ajiyar talakawa ce wadda za a iya nema gobe da safe, sai a yi hattara.

Kamfani na biyu: a littafinsa shi ma an rubuta samun miliyan 1, kashewa 700,000, riba 300,000. Daidai da na farko, ba bambanci ko na sisi. Sai dai wannan miliyan 1 ɗin abin da ya kamata a biya shi ne, domin a ƙa'idar lissafin kamfanoni ana rubuta samu da zarar lokacinsa ya yi, ko da kuɗin ba su iso ba tukuna. Abin da ya shigo hannu 400,000 ne kawai. Uwar kuɗi da ake sa ran miliyan 6, miliyan 4 aka dawo da ita. Da manaja ya ga haka sai ya tsuke hannu, ya ba da sabon rance na miliyan 2 kacal. Shiga miliyan 4 da 400,000, fita miliyan 2 da 700,000. Ya samu rarar miliyan 1 da 700,000 a wannan watan!

To wanne ne mai lafiya? Mai giɓi ko mai rara? A ganina, da za a ce in kai kuɗin ƙungiya ɗaya daga cikinsu, na farkon zan kai. Rarar na biyu ta zo ne saboda ya daina sana'arsa, kamar mai shago da ta sayar da kaya ba ta sake sarowa ba, aljihu cike amma kanta babu komai. Idan muka ajiye maganar rance da dawowarsa gefe, muka duba abin da ya karɓa a hannu da abin da ya kashe, 400,000 ne a gaban 700,000. Duk wata yana cin 300,000 daga uwar kuɗi don ya biya albashi da haya. Wannan ƙaramin lissafin shi nake so kowace shugaba da magatakarda su riƙe: ƙarin da kamfani ya karɓa a hannu, shin ya isa ya biya ma'aikata da sauran ɗawainiya?

Akwai wani abu da yakan rufe wannan ramin har a daɗe ba a gani ba, wato ajiyarmu. A lissafin banki, kuɗin da masu ajiya suka kawo ana sa su cikin shigar aikin yau da kullum. Ke nan bankin da bashinsa ya maƙale yana iya nuna rara mai kyau, alhali kuɗin sababbin masu ajiya ne yake miƙa wa tsofaffi. Muddin sababbi suna zuwa, asiri a rufe yake. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mafi munin irin wannan shi ne tsarin da ba shi da sana'ar komai sai karɓa daga wannan a ba wancan, irin MMM da ya rufe asusun mutane a watan Disambar 2016, ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara. Ban ce kowane banki mai matsala haka yake ba. Da yawa mutanen kirki ne da bashi ya maƙale musu. Amma ga mai ajiya, sakamakon ɗaya ne: ki je cire kuɗinki a ce ki dawo jibi.

Kuma abin yana faruwa ko ga masu lasisi. A shekarar 2010 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya soke lasisin ƙananan bankuna 224. A 2023 ya sake soke na guda 179. Dokar CBN ta ce ƙaramin banki ya riƙe aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗin masu ajiya a tsabar kuɗi ko abin da za a iya mayarwa kuɗi nan take, saboda irin wannan ranar. Idan bankin ya rushe, hukumar inshorar kuɗin ajiya, NDIC, ita ke biyan masu ajiya. A 2024 ta ɗaga iyakar abin da take biya a ƙananan bankuna daga naira 200,000 zuwa miliyan 2 ga kowane mai ajiya. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin, an karɓo basussukansa, kuma wannan yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Ku tambaya tun kafin buɗe asusu yadda ake ƙirga asusun ƙungiya a wannan iyakar. Sannan ku sani, ba duk mai ba da rance ne yake da izinin karɓar ajiya ba. Kamfanin da lasisinsa na ba da rance ne kawai bai da hurumin riƙe kuɗinku, kuma inshorar NDIC ba ta shafe shi ba.

Wata za ta ce, mu da rance kawai za mu karɓa, ina ruwanmu da lafiyar kamfani? Ai da ruwanmu. Yawancinsu sai kun ajiye wani kaso tukuna kafin su ba ku rance. Idan kamfanin ya durƙushe, wannan ajiyar ta maƙale, bashin kuma yana nan a wuyanku, waɗanda aka naɗa su tattara dukiyar kamfanin za su zo nema. Ko bai durƙushe ba, kamfanin da ke fama da ƙarancin kuɗi yakan amince da rancen taki a watan Mayu, ya fitar da kuɗin a Agusta, bayan shuka ta wuce lokacin da take buƙata. Kin ci bashi, amfanin kuma ya wuce ki.

Tunda na ambaci damina, kada a yanke wa kamfani hukunci da lissafin wata ɗaya. A karkara kowa yana neman rance gab da faɗuwar ruwa, biya kuma sai da kaka. Dole a ga giɓi a watannin farko, a ga rara daga baya. Lissafin shekara guda cikakkiya za ku nema, in da hali na shekara biyu ko uku a jere. Giɓin da ke zuwa ya tafi tare da damina daban, wanda yake ƙaruwa shekara bayan shekara daban.

Takardun lissafin da turanci ake rubuta su, na sani. Ku nemi wanda masu binciken lissafi na waje suka duba suka sa hannu, ku tafi da ni ko malamin makarantar garinku ko wani ɗanku da ya yi karatun kasuwanci. A shafin shige da ficen kuɗi, duk adadin da aka sa cikin baka, fita ce ko giɓi. Ku ce a nuna muku ƙarin da aka karɓa a hannu, a kwatanta shi da wanda aka rubuta a shafin riba. Idan tazarar tana da faɗi, ku tambayi dalili. Ku tambayi manaja kai tsaye: cikin kowace naira 100 da kuke bin mutane, nawa ce ta wuce wata guda ba a biya ba? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu kamfanin da zai ce ba shi da ko ɗaya. Wanda ya ce muku babu ko sisi, ni dai ba na sakin jiki da shi. Wanda ya faɗi adadi ya kuma bayyana abin da suke yi a kai, ya fi kwanta mini a rai.

Ko ba ku ga takarda ba, akwai abin da ido ke gani. Ma'aikacin da ke zuwa karɓar zubi, ku yi hira da shi, in ya yi wata biyu ba albashi za ku ji a bakinsa. Ku lura ko fuskokin ma'aikata suna yawan canzawa. Ku tambayi ƙungiyar ƙauyen da ke kusa kwana nawa suka jira kafin su cire kuɗinsu na rabo. Idan kullum amsar ita ce babu netwok, ko manaja ya yi tafiya, ruwa ba ya tsami banza. Haka nan kamfanin da ya wayi gari yana alkawarin riba mai tsoka ga duk wanda ya kawo ajiya ya bar ta wata shida, yawanci ƙishirwar kuɗi ce ke damunsa. Amma a yi adalci: a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya a ko'ina har a manyan bankuna. A irin wannan hali gwajin shi ne ko za su iya tura muku kuɗin zuwa wani asusu. Mai kuɗi da ya rasa takardar naira zai tura, wanda ba shi da su ba zai iya ba.

Ga ƙungiyar da ta yanke shawarar buɗe asusu, shawarata ita ce ku fara da kaɗan. Ku ajiye, bayan mako biyu ku je ku cire rabi ba tare da kun sanar ba, ku ga yadda za a yi. Asusun taimakon juna na rashin lafiya da haihuwa da rasuwa ya zauna a akwati, domin larura ba ta jiran ranar aikin banki. Masu sa hannu su zama mutum uku, kamar masu makulli, kuma duk zama a karanta takardar banki a gaban kowa bayan an ƙirga faranti. Idan ranar rabo ta matso, ku sanar da bankin a rubuce wata guda kafin nan, ku cire kuɗin aƙalla mako guda kafin ranar, musamman idan rabon ya faɗo kusa da sallah ko shigowar damina, lokacin da kowa ke layin cire nasa.