Filasko: Tsiron da ke jure ƙishirwar hamada

Idan kana zaune a Dirku, ko wani gari na ƙasar Kawar cikin jihar Agadez, ka san ruwan sama baƙo ne. A Bilma, maƙwabciyar Dirku, abin da ke sauka a shekara sau da yawa bai kai milimita 20 ba. Duk da haka akwai tsirran da ke rayuwa a gefen hamada. Filasko yana cikinsu.

Filasko ɗan gajeren tsiro ne, tsawonsa bai cika wuce santimita 60 ba. Danginsu ɗaya da tafasa da rai-ɗore. Masana tsirrai suna kiransa Senna italica. Wani Bature ɗan Ingila, Philip Miller, ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1768, domin an taɓa noma shi a Italiya. Amma asalinsa na busassun ƙasashen Afirka da Asiya ne.

Yaya za ka gane shi? Dubi ganyen. Ƙananan ganye ne jere biyu-biyu a kan sanda ɗaya, bakinsu ya fi gindinsu faɗi. Furensa rawaya ne mai kunnuwa biyar. Kwanson 'ya'yansa shimfiɗaɗɗe ne, a lanƙwashe kamar lauje, da ɗan tudu bisa kowace ƙwaya. Wannan kwanso shi ne babbar shaida.

Sirrin filasko yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarsa tana nutsewa can ƙasa neman laima, shi ya sa ya fi son yashin ƙorama da kwari, inda ruwa ke ɓuya bayan sama ta bushe. Idan rani ya tsananta sai ya zubar da ganye, gindin kuwa yana nan da rai. Ƙwayarsa kuma tana da ɓawo mai tauri, tana iya daɗewa cikin yashi har ruwa ya samu. Dabbobi ba su cika son cinsa ba. Saboda haka idan ka ga filasko ya mamaye makiyaya, sau da yawa alama ce cewa kiwo ya cinye ciyawa mai daɗi.

Mutane sun daɗe suna jiƙa ganyensa don wanke ciki. Maganin yana aiki, amma yana da ƙarfi ƙwarai. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ya motsa ciki, don haka kada ka ƙara sha domin ka ga shiru. Yawansa na kawo murɗar ciki da zawo, zawo kuwa a wuri mai zafi kamar Kawar yana saurin ƙarar da ruwan jiki. Kada mai juna biyu ta sha, kada a ba ƙaramin yaro. Idan ciki ya ɗaure fiye da mako guda, ko kuma ka ga jini a bayan gida, je ka ga ma'aikacin lafiya.