Filin Mata: Lissafin da Ido Ke Gani

Zancenmu na wannan mako a kan lissafi ne, amma kada ki yi saurin juya shafi. Ke da kike riƙe kuɗin adashin mutum ashirin a ka, ai ba baƙuwar lissafi ba ce. Abin da nake so in nuna miki shi ne yadda ake jera alƙaluma har su faɗi abin da ke cikinsu.

Bari mu fara da labarin wata mace. A shekarar 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, Fulorans Naitingel ta tashi daga Ingila da mata 38 masu jinya zuwa asibitin soja da ke Iskutari, daura da Santambul. Ta tarar sojoji suna ta mutuwa. Da ta koma gida sai ta tattara adadin mamatan, ta zana shi a da'ira, kowane wata da yankinsa. Ta sa shuɗi ga waɗanda cuta ta kashe, irin su kwalara da atini da taifot, ja ga waɗanda raunin yaƙi ya kashe, baƙi kuma ga sauran. Aka buga zanen a 1858. Ko wanda bai iya lissafi ba, da ya duba sai ya ga shuɗin ya rinjayi jan nesa ba kusa ba. Ashe ƙazanta da cunkoso sun fi harsashi kisa. Wannan zane ya taimaka wajen gyara tsabtar barikoki da asibitocin soja. Gani ya kori ji.

To, ita da hannu ta yi nata. Yau kuwa akwai manhajojin da ke yin wannan aiki. An fito da VisiCalc a 1979, kamfanin Microsoft ya fito da Excel a 1985, sa'an nan Google Sheets ta zo a 2006. Ita wannan ta ƙarshen kyauta ce, kuma tana aiki a babbar wayar hannu. Manyan ofisoshi suna da irin su Tableau da Power BI, amma ba sai kin kai can ba.

Ga yadda abin yake. Idan kin buɗe manhajar za ki ga shafi mai gidaje, wasu layuka a kwance, wasu a tsaye, kamar rajistar makaranta. Kowane gida ki sa masa lamba ko kalma. Kina iya umartarta ta tara, ko ta fitar da kashi cikin ɗari. In kika sake lamba ɗaya, jimla ta gyara kanta nan take. Daga nan ki zaɓi lambobin, ki ce ta zana. Zanen layi shi ne na abin da ke hawa da sauka bisa kwanaki. Zanen sanduna kuwa na gwada wannan da wancan ne, kamar aji uku da aji huɗu.

Malama, a ce kina da 'yan mata 40 a ajinki. Ki sa kwanan wata a layi ɗaya, adadin waɗanda suka zo a na kusa da shi. Bayan wata biyu ki zana. In layin yana faɗuwa duk ranar kasuwa, ki bincika ko talla ce ke janye su. In da kaka yake faɗuwa, watakila aikin gona ne. Yarinyar da ta saba fashi ita ce ke barin makaranta daga baya, ba wanda ya lura. Amma in kika shimfiɗa wannan zane gaban shugaban makaranta da taron iyaye, magana ta wuce “ana cewa”. Haka ma mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli: ta jera kuɗin gyaɗa da niƙa da itace gefe guda, ciniki gefe guda, sai ta gane ko riba take ci ko uwar kuɗi.

Sai dai ki kiyaye abu uku. Na farko, na'ura ba ta gyara kuskuren da aka zuba mata, gama abin da ka shuka shi za ka girba. Ki riƙa rubutawa kullum, ranar hutu kuma ki bar gidan ba kome, kada ki sa sifiri, don kada a zaci ba wadda ta zo. Na biyu, zanen sanduna ya fara daga sifiri, in ba haka ba ɗan bambanci sai ya zama kamar tsauni. Na uku, sunayen yara amana ce. Ki nuna adadi, amma kada ki tura sunan 'yar wani a WhatsApp.

Wadda ba ta da irin wannan waya kada ta ce an bar ta a baya. Rula da fensir da takarda mai gidaje sun isa a fara. Ki zaɓi abu ɗaya da ya dame ki, ki fara rubuta shi tun daga ranar Litinin. Da sannu ƙafa ke gawurta, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu sa'a. Sai mako mai zuwa.