Dara Ba Sa'a Ba Ce: Yadda Mai Wasa Zai Ƙara Gwaninta

Idan kaka ta wuce, an kai masara da dawa rumbu, duk wanda ya ratsa ƙauyukan Saulawa, ko ya bi ta Makarfi da Kudan inda ake saran rake, zai tarar da maza sun yi da'ira a gindin bishiya, an haƙa gurabu a ƙasa, ana buga dara. Wasa ne da muka gada kaka da kakanni, kuma ba mu kaɗai ke da shi ba, gama Dakarkari na ƙasar Zuru sun yi suna a kansa, Zabarmawan Nijar kuwa suna kiransa dili.

Amma ga abin lura. Akwai mutumin da ya shekara goma yana dara, ya fi ƙarfin yara, amma har yau bai taɓa cin gwanin unguwarsu ba. Kullum aka cinye shi sai ya ce yau ba shi da sa'a. To, ya mai karatu, babu ƙuri'a a cikin dara, babu abin da aka ɓoye. Duk abin da abokin wasanka yake gani, kai ma kana ganinsa. Saboda haka wanda ya tsaya wuri ɗaya, akwai abin da bai koya ba.

Fara da sanin gurabu

Doka takan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma wadda aka fi sani ita ce gurabu 30, wato layi biyar mai gurbi shida shida, kowane mai wasa kuma yana da 'ya'ya 12. Idan an gama zubawa, gurabu 24 sun cika, shida kaɗai suka rage. Ashe ke nan dukan faɗan a kan waɗannan shida yake. Wanda 'ya'yansa suke maƙwabtaka da su shi ne mai motsi, wanda kuwa aka toshe nasa, ko da yana da 12 cif, kamar mai gona ne ba fartanya.

Gurabun kuma ba darajarsu ɗaya ba. Na kusurwa guda huɗu ne, kowanne maƙwabta biyu gare shi. Na gefe 14 ne, masu maƙwabta uku. Na ciki 12 ne, masu maƙwabta huɗu. In ka lissafa za ka ga hanyoyi 38 ne ake iya jera uku a dukan filin. Gurbin kusurwa yana cikin biyu kawai daga cikinsu, amma gurabu biyu na tsakiya kowanne yana cikin shida. Wannan ya sa gwani yakan yi sammakon kama tsakiya tun lokacin zubi, tun da yake a nan ake cin yawancin wasa, kafin ma a gusa ɗa ko ɗaya.

Ci ɗaya da ci a jere

Mai matsakaicin sani yakan yi murna da zarar ya jera uku ya ɗauke ɗa guda. Sai ya buɗe layin, ya sake rufewa, wato ci ɗaya a motsi biyu, kuma a tsakanin nan abokin wasa yana iya cusa ɗansa a gurbin ya toshe. Gwani kuwa layi biyu yake ginawa kusa da juna, kowanne da 'ya'ya biyu, da ɗa na biyar mai kai da komowa. In ya gusa shi can ya cika uku, in ya dawo da shi ya cika uku. Kowane motsi ci ne. Wanda ya koyi gina wannan, ya kuma koyi gane shi tun abokinsa yana kan ginawa, ya haye wani mataki.

Haka kuma zaɓen ɗan da za a ɗauke. Kada ka ɗauki wanda hannunka ya fi kusa da shi. Duba wanda ya tare maka hanya, ko wanda saura motsi ɗaya ya cika uku. Ka kuma tuna huɗu a jere ba ci ba ne. Da yawa garin haɗama sun ɓata layinsu da hannunsu, dara ta ci gida ke nan.

Abin koyi daga masu wasan ces

Akwai wani wasa ɗan'uwan dara da ake kira ces, Larabawa kuma su ce shaɗaranji. Asalinsa daga Indiya ne, yana da gurabu 64, kowane ɓangare da 'ya'ya 16, kuma tun 1924 aka kafa ƙungiyarsa ta duniya, FIDE, a birnin Faris. Masu wannan wasa sun riga mu tsara hanyar koyo, kuma abubuwa uku nasu za su amfane mu.

Na fari, suna rubuta kowane motsi, bayan wasa su zauna su nemi inda aka kuskure. Mu kuwa da an gama sai a share ƙasa da tafin hannu, darasin ya bi iska. Littafin kwabo da fensir sun isa. Ka ba layuka shida haruffa, a zuwa f, biyar ɗin kuma lamba 1 zuwa 5, ka sa ƙanenka ya riƙa rubutawa. Wasan da aka cinye ka shi ne malaminka.

Na biyu, suna koyon ƙarshen wasa kafin farkonsa. Capablanca, mutumin Kuba wanda ya riƙe kambin duniya daga 1921 zuwa 1927, shawarar da ya ba masu koyo ke nan. Kai ma zuba 'ya'ya huɗu da uku, ka yi ta gwadawa har ka san yadda ake ƙarasa ci, da yadda ake tsare gida idan kai ne a ƙasa.

Na uku, a dokarsu ɗan da ka taɓa shi za ka gusa. Wannan yana tilasta wa mutum ya yi tunani hannunsa na kan gwiwa. Kafin kowane motsi tambayi kanka: me wancan yake nufi da abin da ya yi yanzu?

Kada kuma wani ya ce sai mai hali. Tunde Onakoya a shagon aski ya koyi ces a Ikorodu ta Jihar Legas. A 2018 ya kafa Chess in Slums Africa domin koya wa yaran talakawa, a 2024 kuma ya yi awa 60 yana bugawa a birnin New York. Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar Nijeriya a 2017, yana ɗan shekara takwas ya ci gasar yara ta Jihar New York a 2019, alhali suna zaune a gidan marasa matsuguni.

Wa za ka zauna da shi?

Mai son ci gaba ya daina neman wanda zai cinye kullum. Ya je wurin dattawan da suka fi shi, ya gaishe su, ya roƙi wasa, in an cinye shi ya ce, "Baba, a ina na ɓata?" Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a kawunansu yake, kuma kowace shekara suna raguwa. Ku ma dattawa, kada ku yi rowa.

Sai a kiyaye abu ɗaya. Ranar da kuɗi suka shiga dara ta zama caca, kuma mai caca ba ya nuna wa abokinsa kuskure, gama da kuskuren yake ci. A nan koyo yake mutuwa, zumunci ya bi baya, wani lokaci har da kuɗin taki.

'Yan'uwa matasa, rani yana da tsawo. Ku zaɓi yamma ɗaya a mako, bayan an gama aiki, ku haɗu da littafi da fensir, ku gayyaci dattijo guda. Allah ya ƙara mana basira, amin.