Hoto ɗaya a kan talabijin huɗu: abin da za a sani kafin a sayi kaya

Masu gidajen kallon ƙwallo, da masu zaurukan biki, da makarantu, har da kwamitocin masallatai a garuruwa irin su Garwa, Injamena da Kumasi sukan so a jera talabijin huɗu ko tara a bango, su zama kamar allo ɗaya babba mai nuna abin da ke cikin kwamfuta. A Faransanci ana kiran wannan tsari mur d'images. Aikin mai yiwuwa ne, amma kuskure ɗaya wajen sayayya ya isa ya cinye jarin mutum.

Na'urar da ke ruɗa masu saye

Idan ka je shago ka ce kana son hoto ɗaya a talabijin huɗu, abin da za a fara miƙo maka shi ne sifilita, wato répartiteur HDMI. Tana da araha, tana da mashiga ɗaya da mafita huɗu, sai dai aikinta kwafi ne kawai: kowace talabijin za ta nuna cikakken hoton, iri ɗaya sau huɗu. Tana da amfani ga mai son sa talabijin a ɗakuna daban-daban. Wanda yake son a yanka hoton gida huɗu, kowace talabijin ta ɗauki kashinta, wata na'ura yake buƙata.

Haɗa alluna da kwamfuta kai tsaye shi ma bai wadatar ba. Windows na ɗaukar kowane allo a matsayin mai zaman kansa, don haka idan aka buɗe bidiyo ya cika allo, a guda ɗaya zai tsaya.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce akwatin rarraba hoto, contrôleur de mur d'images. Yana karɓar hoto ta wayar HDMI ɗaya, ya yanka shi, ya tura wa kowace talabijin rabonta. Kwamfuta tana ganinsa tamkar allo ɗaya, ba sai an sa wata manhaja ba. Yana kuma aiki da dikoda, saboda haka shi ya fi dacewa da gidan kallon ƙwallo.

Ta biyu ita ce katin hoto mai mafita da yawa da ake sawa cikin kwamfutar tebur. Kamfanin AMD ya fito da fasahar Eyefinity a 2009, wadda a wasu katuna take haɗa alluna har shida su zama ɗaya. Nvidia na da Surround a katunan wasanni, da Mosaic a na manyan ayyuka. Wannan hanya tana ba da hoto mai kyau ƙwarai, amma sai da kwamfuta mai ƙarfi da kuma wanda ya iya saiti.

Ta uku ita ce allunan da aka ƙera musamman don wannan aiki, irin na Samsung da LG da ake gani a filayen jirgin sama. Waya tana fita daga na farko ta shiga na biyu, har zuwa na ƙarshe, kowanne kuma a gaya masa matsayinsa a jeri. Su ne suka fi tsada, amma an yi su ne don su jure aikin sa'o'i masu yawa kowace rana.

Lissafin da ba a tsallakewa

Hoto tarin ɗige-ɗige ne. Allon Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, na 4K kuwa 3840 da 2160, wato ninki huɗu daidai. Idan akwatin ya karɓi hoton 4K ya raba wa talabijin huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kowacce za ta samu cikakken Full HD. Idan kuwa Full HD ya karɓa, kowacce 960 da 540 kawai za ta samu, a buɗa su su cika allo. Mai kallon ƙwallo daga nesa ba zai damu ba, amma rubutun darasi ko jadawalin lissafi zai fito dishi-dishi ga na kusa.

A duba kuma saurin hoto. HDMI 1.4 tana ɗaukar 4K ne da hoto 30 a daƙiƙa, HDMI 2.0 kuwa 60. Ga hoto mai motsi da sauri, ta biyun ce za a nema. Mai amfani da dikoda ya tabbatar akwatin yana karɓar kariyar HDCP, in ba haka ba allo zai iya tsayawa baƙi.

Siffar jeri ita ma tana da tasiri. Biyu-biyu ko uku-uku suna riƙe siffar talabijin ta 16 da 9. Idan aka jera uku a kwance, hoton zai miƙe, fuskoki su faɗaɗa, ko kuma a yanke samansa da ƙasansa.

Talabijin, waya da wuta

Talabijin huɗu masu inci 55 suna ba da allo mai inci 110, faɗinsa kusan mita 2.4, tsayinsa kusan mita 1.4. A saye su iri ɗaya daga kamfani ɗaya, domin launi da haske su zo daidai. Bakin da ke kewaye da kowace talabijin zai ratsa tsakiyar hoto, don haka a zaɓi mai siririn baki. Yawancin talabijin na gida bakinsu na ƙasa ya fi kauri, shi ya sa ake kifa biyun sama, akwatin kuma ya juya musu hoto da digiri 180. A tambaya ko akwatin yana yin haka, ko kuma yana gyara giɓin baki, domin kada layin fili ya karye a mahaɗa.

Wayar HDMI takan fara ba da matsala idan ta wuce mita 10 zuwa 15. Ga nisa mai yawa akwai na'urorin HDBaseT da ke kai hoto har mita 100 ta wayar Cat6.

A karanta adadin wat da ke rubuce a bayan talabijin. Idan kowacce tana cin wat 120, huɗu za su ci 480, ban da kwamfuta da fanka da lasifika. Janareta ko sola sai sun ɗauki wannan da rara. A sa na'urar daidaita wuta, a bar sarari a baya don iska, a riƙa share ƙurar hunturu.

Kafin a biya kuɗi

Wani lokaci babbar talabijin ɗaya mai inci 85, ko majigi idan zauren yana da duhu, ta fi sauƙi kuma babu layi a tsakiya. Wanda ya zaɓi jera alluna ya tafi shago da kwamfutarsa ko dikodarsa, ya sa a haɗa akwatin da talabijin huɗu a gabansa. Idan hoto ya rabu gida huɗu, sauti ya fito, rubutu ya karantu, sai a yi ciniki. Wannan gwaji ya fi muhimmanci ga mai tsallaka iyaka don sayayya a Kano ko Legas, domin mayar da kaya bayan an wuce kwastan abu ne mai wuya.