Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Bambance Tsaye Da Kwance

Ido ba ya aika wa ƙwaƙwalwa hoto cikakke. Hasken da ya sauka a tantanin da ke can ƙuryar ido yakan koma saƙon lantarki, ya bi jijiyar gani, ya ya da zango a wata mahaɗa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan ya ƙarasa ƙeya, inda sashen gani na farko yake. Har zuwa wannan zango, abin da ƙwayoyin jijiya suka sani shi ne ɗigon haske da duhun da ya kewaye shi, ko akasin haka. Stephen Kuffler ne ya nuna hakan a idon kyanwa a 1953.

A 1958, a ɗakin binciken Kuffler da ke Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel suka cusa siririyar waya cikin sashen ganin wata kyanwa da aka yi wa allurar barci, suka haɗa wayar da lasifika domin su ji motsin ƙwaya ɗaya tak. Suka yi ta haska mata ɗigo, shiru kake ji. Ana cikin zura gilashi a majigi sai inuwar gefensa ta gilma, nan take ƙwayar ta ɓarke da ƙara. Ashe layi take jira, kuma ba kowane layi ba, sai mai wata karkata. Da an juya shi sai amonta ya yi ta raguwa har ta yi tsit.

Kowace ƙwaya da nata zaɓi: wata sai layi na tsaye, wata na kwance, wata na karkace. A 1962 Hubel da Wiesel suka kawo bayanin cewa ƙwayoyin ɗigo da yawa da ke jere a sahu ɗaya ne ke zuba saƙonsu cikin ƙwaya guda, don haka ba ta amsawa sosai sai haske ya rufe sahun baki ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin zaman ƙwayoyin. Idan wayar ta ratsa maƙwabtan ƙwayoyi, karkatar da suke so takan juya sannu a hankali kamar hannun agogo, ta cika digiri 180 cikin kusan milimita ɗaya. Hubel da Wiesel sun karɓi kyautar Nobel a 1981.

Sai dai wannan baiwa tana bukatar horo tun da wuri. A 1970 Colin Blakemore da Grahame Cooper na Jami'ar Cambridge suka raini 'yan kyanwa inda ba sa ganin komai sai zane na tsaye, ko na kwance. Waɗanda suka tashi da na tsaye sun kasa lura da sandar da aka riƙe a kwance. Hubel da Wiesel ma sun ga cewa idan aka rufe wa ɗan kyanwa ido ɗaya a watanninsa na farko, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da idon ko bayan an buɗe shi. Dalilin da ya sa likitoci ke gaggauta cire wa jariri yanar ido ke nan, suke kuma son a kawo musu yaro mai harara-garke tun yana ƙarami, kafin ƙwaƙwalwarsa ta saba da ido ɗaya.